Dakta George Papanicolaou: Likitan da ya gano cewa sankarar bakin mahaifa tana yin sallama kafin ta shigo

Duk matar da ta taɓa zuwa gwajin bakin mahaifa a nan Njamena ta san irin takardar da ake miƙo mata bayan ƴan kwanaki. Da Faransanci take, a samanta an rubuta frottis, wani lokaci kuma a ƙara wata gajeruwar kalma, Pap. Da yawa suna ɗauka sunan na'ura ce ko na wani magani. To, sunan mutum ne aka gutsure don ya yi wa baki tsawo. Cikakken sunansa Georgios Papanikolaou, Amurkawa suka mayar da shi George Papanicolaou, abokan aikinsa kuwa da suka gaji da lanƙwasa harshe sai suka riƙa kiransa Dakta Pap. Shi ne mutumin da filinmu na tarihi zai duba a yau. Sanin abin da ya gano zai taimaka wa mace, da mijinta ma, su fahimci abin da takardar nan take nufi ranar da ta fito da sakamakon da bai yi daidai ba.

An haife shi ranar 13 ga watan Mayu 1883 a Kimi, wani ƙaramin gari na bakin teku a tsibirin Ebiya na ƙasar Girka. Mahaifinsa, Nikolaos, likita ne, ya kuma taɓa zama magajin garin. Yaron ya taso da son kiɗa da karatun falsafa, yana kuma goga goge irin na Turawa. Yana da shekara 15 ya shiga Jami'ar Atina, ya gama karatun likita a 1904. Burin mahaifinsa shi ne ɗan ya dawo gida ya gaje shi, ya zauna yana duba marasa lafiya kamar yadda shi ya yi. Bayan ya yi aikin soja ya dawo ɗin, har ya ɗauki wani lokaci yana kula da kutaren da aka ware a bayan gari, waɗanda ba kowa ke son matsawa kusa da su ba. Amma hankalinsa ba ya kan zaman ɗakin duba marasa lafiya. Bincike yake so.

A 1907 ya tafi Jamus. Ya zauna a Yena, ya wuce Firaibug, daga ƙarshe ya tare a Munik inda ya yi digirin digirgir a fannin nazarin dabbobi a 1910. Kun san a kan me ya yi binciken? A kan wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa da ido da ƙyar yake ganinsa, yana neman sanin abin da ke sa ƙwai ya zama namiji ko mace. Wanda ya gan shi a lokacin zai ce likita ya bar aiki ya koma wasa da ƙwari. Sai dai a nan ne idonsa ya goge da kallon madubin likita, na'urar nan da ke girmama ƙananan abubuwa, kuma da wannan idon ya ci abinci har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarar ce kuma ya auri Andromachi Mavrogeni, ɗiyar wani hafsan soja, wadda daga baya kowa ya sani da suna Mary. Ku riƙe sunanta, don rabin labarin nata ne. Ya ɗan yi aiki a cibiyar nazarin teku ta Monako, har ya bi jirgin binciken Yarima Albert na ɗaya a 1911. Da yaƙin Balkan ya ɓarke a 1912 aka kira shi ya koma soja a matsayin likita. A fagen daga ya haɗu da Girkawa ƴan sa-kai da suka zo daga Amurka, suka yi ta ba shi labarin ƙasar. Yaƙi na ƙarewa ya ɗauki matarsa suka hau jirgin ruwa.

Sun sauka a Niyok ranar 19 ga Oktoba 1913, kuɗin hannunsu bai wuce dala 250 ba, Ingilishi kuma babu. Mu da muke zaune a garin da kullum baƙi ke sauka a tasha da ƙunshin kaya, mun san wannan hali. Mary ta sami aikin ɗinka maɓallai a wani babban kanti mai suna Gimbels, ana biyanta dala 5 a mako. Shi kuma, mai digirin likita da na digirgir, aka ba shi sayar da darduma a kantin, aikin da bai daɗe a kai ba. Ya riƙa goga gogensa a gidajen abinci, yana kuma ɗan aiki a wata jaridar Girkawa mai suna Atlantis. Wajen shekara guda suna wannan faɗi-tashi kafin ya sami shiga sashen nazarin sassan jiki na makarantar likitanci ta Jami'ar Cornell a 1914, ƙarƙashin Farfesa Charles Stockard. A nan ya zauna shekara 47. Ba da daɗewa ba Mary ta bar maɓallai ta bi shi ɗakin bincike tana taya shi aiki.

Stockard yana nazarin illar barasa a kan ɓeran Masar da ƴaƴan da yake haifa. Dakta Pap ya nemi a bar shi ya yi nasa binciken a kan ƙwan matan dabbar. Matsalar ita ce ba wanda ya san lokacin da ƙwan ke nuna, don haka sai an yi ta yanka dabbobi ana dubawa, yawancinsu a banza. Sai ya yi tunanin cewa ai duk macen dabba tana da lokutanta, ko da ba a ganin jini a waje, to lalle akwai wata alama a ciki. Ya nemo ɗan ƙaramin ƙarfen da likitoci ke buɗe hanci da shi, ya riƙa ɗebo ɗan ruwan gaban dabbobin kullum, yana shafawa a kan gilashi yana dubawa a madubi. Sai ga shi ƙwayoyin jikin da ke zubowa cikin ruwan suna sauya kama daga rana zuwa rana, bisa tsari, suna zagayowa. Shi da Stockard suka buga sakamakon a 1917.

Abin da ya gano a nan shi ne ginshiƙin komai. Jikin mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyi kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, kuma fatar da ta lulluɓe bakin mahaifa kullum tana kakkaɓe tsofaffin ƙwayoyinta, kamar yadda bishiyar darbejiya ke zubar da ganye. Wanda ya iya duba ganyen da ya faɗo zai san lafiyar bishiyar ba sai ya sare ta ba.

Daga dabba sai mutum. Amma ina zai sami macen da za ta yarda a riƙa ɗibar ruwan jikinta kullum? Ba shi da lasisin duba marasa lafiya a Amurka, kuma kunyar wannan wuri ba a ƙasarmu kaɗai take ba. Mary ce ta ba da kanta. Shekara 21 ana ɗaukar samfurinta kusan kowace rana. Da wannan ne mijin ya san yadda ƙwayoyin lafiyayyar mace suke a kowane mataki na wata, da yadda suke sauyawa idan shekaru suka ja. Ita ke shirya gilasan, ita ke tuƙa shi zuwa aiki, ita ke riƙe da gida. Ba su haihu ba. Ni dai a ganina, da adalci ake bi wajen raɗa wa abubuwa suna, da gwajin nan sunan mutum biyu yake ɗauke da shi.

A 1925 ya fara karɓar samfura daga wani asibitin mata na Niyok. A cikin masu ba da samfurin aka sami mai sankarar mahaifa. Da ya ɗora gilashinta a madubi sai ya ga ƙwayoyin da ba su yi kama da duk waɗanda ya saba gani ba: cibiyarsu ta kumbura, ta yi duhu, siffarsu ta karkace, babu biyu da suka yi daidai da juna. Wanda ya shekara da shekaru yana kallon lafiyayyu ba zai kasa gane baƙuwar fuska ba. Ya tara irin waɗannan, a watan Janairu 1928 ya gabatar da su a wani taro a garin Battle Creek na jihar Mishigan.

Ba wanda ya kula shi. Taron kansa ma ba wurin da ya dace ba ne, don na masu aƙidar nan ce ta tace jinsin ɗan Adam, aƙidar da tarihi ya riga ya tona asirinta. Manyan likitoci kuwa suka ce wannan wahalar banza ce: in ana zargin sankara ai sai a gutsuro ɗan nama a duba, me zai sa a tsaya laluben ƙwaya ɗaya cikin dubbai? Abin da ba su hango ba shi ne, ba a gutsurar naman mace sai ta zo da ciwo, kuma a wannan cuta, ranar da ciwo ya bayyana sau da yawa an makara. Gwajin Dakta Pap na matar da ke jin kanta garau ne. Ran mutumin ya ɓaci, ya ajiye maganar ya koma wasu bincike har fiye da shekara goma. Allah kaɗai ya san matan da suka tafi a cikin waɗannan shekaru, don a lokacin sankarar mahaifa tana sahun gaba cikin masu kashe matan Amurka.

Gaskiya ta sa a faɗi cewa ba shi kaɗai ya hango hanyar ba. Wani likita ɗan Romaniya, Aurel Babeș, ya gabatar da makamancin wannan a Bukares a 1927, ya kuma buga shi a wata mujallar likitoci ta Faransa a 1928, ko da yake yadda yake ɗibar samfur da yadda yake rina shi daban ne. Har gobe a Romaniya sunayen mutanen biyu ake haɗawa a kira gwajin.

A 1939 aka yi sabon shugaban sashe, Joseph Hinsey, wanda ya duba tsohon aikin ya ce a koma kansa. Dakta Pap ya haɗu da wani likitan mata, Herbert Traut, suka shiga ɗaukar samfurin matan da ke zuwa asibitin Niyok, dubbai. Suka riƙa kama sankarar da ido bai gani ba, hannu bai ji ba, matar ma ba ta san da ita ba. Sun buga maƙala a 1941. A 1942 ya fitar da sabon haɗin rini da ke sa ƙwayoyin su fito da launi daban-daban, shuɗi-kore da ruwan hoda da ruwan lemo, cibiyarsu kuma ta fito tar. Da wannan rinin ake aiki har yau. A 1943 littafinsu ya fito, da zane-zanen wani ɗan Japan, Hashime Murayama, wanda ya zana ƙwayoyin da hannu don masu koyo su gane su. Sai wani likita ɗan Kanada, Ernest Ayre, ya ƙera ɗan katako mai lanƙwasa a 1947, wanda ake shafo bakin mahaifar kai tsaye da shi, samfur ya ƙara kyau. Ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta rungumi gwajin, ta kira babban taro a Boston a 1948, daga nan abu ya bazu.

To a nan ne labarin ya iso kan takardar da muka fara da ita. Tun farko Dakta Pap ya lura cewa tsakanin lafiyayyar ƙwaya da ta sankara akwai fili mai faɗi. Shi ya sa bai raba sakamako gida biyu ba, ya raba shi aji biyar. Aji na ɗaya lafiya lau. Na biyu, ƙwayoyin sun ɗan sauya amma babu alamar sankara. Na uku akwai shakka, na huɗu zargi ya yi ƙarfi, na biyar kaɗai ne tabbas. A 1988 masana suka taru a garin Bethesda na Amurka suka sauya wannan da sabon tsari, shi ne haruffan da kuke gani a takardun yau: ASC-US na nufin an ga ɗan sauyin da ba a tantance dalilinsa ba, LSIL ko bas grade sauyi ne mai sauƙi, HSIL ko haut grade sauyi ne mai zurfi da ke son a yi maganinsa. Ko wannan na ƙarshen ba sankara ba ne tukuna. Hanyarta ce aka hau.

Me ke sa ƙwayoyin su sauya? Abubuwa da dama, kuma yawancinsu ba abin tashin hankali ba ne. Ciwon sanyin mata, wanda ke zuwa da ƙaiƙayi ko farin ruwa ko wari, yana sa wurin ya yi ja ya kumbura, ƙwayoyin su fito a hargitse. A yi magani a sake gwaji, sai a ga komai ya koma daidai. Matar da al'ada ta ɗauke mata, fatar wurin takan yi siriri ta bushe, wannan ma yana rikita mai dubawa. Wani lokaci kuma samfurin ne bai yi kyau ba, jini ya rufe shi ko ƙwayoyin sun yi kaɗan, sai a rubuta cewa ba a iya karantawa ba. Wannan ba sakamako ba ne, kira ne a dawo a sake. Shi ya sa ake so mace ta je ba a cikin al'ada ba, kuma kwana biyu kafin ranar ta dakata da kwanciyar aure, da wanke ciki da sabulu, da cusa komai. A nan dole a ambaci kayan mata. Abubuwan matsi da ake saye a kasuwa ko a hannun dillaliya ana cusawa, ba wanda ya san me aka haɗa a ciki, suna iya ƙona fatar wurin su jawo kumburi. Wadda take amfani da su ta gaya wa ungozoma gaskiya, ba don a yi mata faɗa ba, don a san yadda za a karanta takardarta.

Babban dalili kuwa, wanda shi ne ke kaiwa ga sankara, Dakta Pap ya rasu bai san shi ba. Wani Bajamushe ne, Harald zur Hausen, ya nace cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, ya kuma gano nau'inta na 16 da na 18 a 1983 da 1984, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan nau'i biyu su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu ƙwarai, har yawancin masu aure, maza da mata, sukan gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu ba su sani ba. Kusan tara cikin goma, jiki da kansa yake kawar da ita cikin shekara biyu. Wadda ta maƙale ce take sauya ƙwayoyin bakin mahaifa sannu a hankali.

Maza, a nan maganar taku ce. Ranar da aka ce an ga HPV a jikin matarka, ba hujja aka ba ka ta zarginta ba. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru ba ta motsa ba. Namiji yana ɗauke da ita ba ya jin komai, yana iya kawo ta daga auren da ya yi a baya, tana kuma iya zagaya gidan da ke da mata biyu ko uku ba tare da kowa ya taka dokar Allah ba. Gwajin ba ya faɗin ranar da aka ɗauka, ba ya faɗin daga wa. Mun san hukuncin zargin mace ba da shaida ba, ba sai an tuna mana ba. Abin da ya kamaci maigida shi ne ya ba da kuɗin mota da na asibiti, in da hali ya raka ta, ya kuma tura sauran matan gidan su ma a duba su. Tsoron abin da miji zai ce yana cikin abubuwan da ke sa mace ta naɗe takarda ta tura ƙarƙashin katifa.

Daga shigar ƙwayar zuwa sankara, ga mace mai ƙarfin garkuwar jiki, akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mai ɗauke da cutar HIV da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 ne, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Wannan doguwar tazara ita ce dukiyar da Dakta Pap ya tono. Ba kowace sankara ke ba da irin wannan lokaci ba.

Abin da ke biyo bayan sakamako ya danganta da zurfin sauyin. In mai sauƙi ne, sau da yawa likita zai ce a dawo bayan wata shida ko shekara a sake, ko a yi gwajin HPV, don irin wannan yakan warke da kansa. Jiran ba sakaci ba ne, amma fa sai an dawo ɗin. In mai zurfi ne, sai a duba bakin mahaifar da wata na'ura mai fitila da gilashin girmamawa, kolposkopi, wadda wani likitan Jamus, Hans Hinselmann, ya ƙirƙiro a 1925. Ana shafa ruwan khal mai sauƙi, wurin da ya lalace ya yi fari, a gutsuro ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa a kai ɗakin bincike. Wannan ne ke yanke hukunci. In an tabbatar, maganin ba ya kai rabin awa: ko a daskarar da wurin da iskar gas mai tsananin sanyi, ko a ƙona shi da wani ɗan ƙarfe mai zafi, ko a shafto shi da ƴar lanƙwasasshiyar waya mai aiki da lantarki bayan an kashe zafin wurin. Ba a cire mahaifa, mace ta koma gida a ranar, kuma tana iya ɗaukar ciki ta haihu. Za ta ga ruwa yana zuba na ƴan makonni, a dakata da kwanciya wajen wata guda, bayan shekara a sake dubawa.

A ƙasashe irin namu, inda masu karanta gilashi a madubi ba su da yawa, an fi amfani da gajeruwar hanya: ungozoma ta shafa ruwan khal ɗin ta duba da idonta, in ta ga fari a yi magani nan take ko a tura mace gaba. Dalilin wannan dabara shi ne an lura duk lokacin da aka ce wa mace ta je ta dawo, wasu ba sa dawowa. Ga kuɗin mota, ga yara, ga kasuwa, ga kuma cewa ba inda ke mata ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya yanzu ta fi son gwajin HPV, daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10, mai HIV kuma daga shekara 25, duk bayan 3 zuwa 5. Wadda kuwa take ganin jini bayan kwanciya, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ita ba jiran gangamin watan Oktoba za ta yi ba. Ta nufi sashen mata, ko a Asibitin Uwa da Yaro ko a wanda ya fi kusa da ita, a wannan makon.

Inda aka riƙe gwajin da gaske an ga aikinsa. A Amurka, tsakanin 1955 da 1992, mace-macen wannan cuta sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Amma a 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu a duniya, kusan 350,000 suka rasu, kuma fiye da tara cikin goma na mamatan a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke. A nan Chadi ita ce ta biyu bayan sankarar mama a tsakanin mata. A watan Nuwamba 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa kafin 2030 a yi wa kashi 90 na ƴan mata rigakafin HPV kafin su cika 15, a gwada kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka ga matsala magani. Maƙwabtanmu Kamaru sun fara rigakafin a 2020, Najeriya a Oktoba 2023. Lamba ta ukun nan ita ce mai wuya, don gwajin da ba a bi bayansa ba bai tsinana wa kowa komai ba.

Shi dai Dakta Pap ya ga farkon nasarar da idonsa. An ba shi kyautar Lasker a 1950, ya fitar da babban kundinsa na hotunan ƙwayoyin jiki a 1954, ya kuma faɗaɗa hanyar zuwa majina da fitsari da ruwan ciki don neman wasu sankarorin. Likitoci daga ƙasashe suka riƙa zuwa Cornell koyo a wurinsa. An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, ba a taɓa ba shi ba. Mutum ne da kusan bai san hutu ba, daga gida sai ɗakin bincike, ya dawo da gilasai ya ci gaba da dubawa da dare.

Ya daɗe yana burin samun cibiya tasa ta kansa. A ƙarshen 1961, yana da shekara 78, aka ba shi shugabancin wata cibiyar binciken sankara a Mayami, jihar Fulorida. Shi da Mary suka tattara suka koma. Wata uku kacal ya yi a can. Ranar 19 ga Fabrairu 1962 ciwon zuciya ya ɗauke shi, aka mayar da gawarsa jihar Niyu Jasi aka binne, cibiyar kuma aka sa mata sunansa. Amurka ta buga kan sarki da hotonsa a 1978. Girka, ƙasar da ya bari da dala 250, ta sa fuskarsa a takardar kuɗinta ta dirakma 10,000, wadda aka yi ta kashewa har zuwan kuɗin Yuro a 2002. Mary ta zauna a Mayami tana hidimar cibiyar da ke ɗauke da sunan mijinta har shekara ashirin, ta rasu a 1982.